Mai Gadin Akwatin Tambayoyi

Shekara goma sha tara Casimir Dudek ya yi yana gadin ƙofar wani banki a New York, ba wanda ya taɓa tambayar sunansa. Sai a 1956 masu gasar kacici-kacici ta talabijin suka zo neman wanda zai riƙa kai musu akwatin tambayoyi daga ma'ajiyar bankin. Mista Lindqvist, mai shirin, ya ƙare wa masu gadi huɗu kallo, ya nuna Dudek da karan sigari.

Kowace Talata zai rungumo akwatin ƙarfe, bindiga a ƙugu, ya tsaya gaban kyamara. Mai gabatarwa ya ce, "Dudek, akwai wanda ya ga tambayoyin nan?" Shi kuma ya ɗaga hannu: "Na rantse babu, yallaɓai." Iyakar aikin ke nan, amma bawan Allah ya ɗauke shi da zafi. Ko ruwa ba ya tsayawa sha in akwatin na hannunsa.

A unguwarsu ta Greenpoint, inda ake kiransa Kaz, Bruno mai aski ya taɓa tsare shi. "Kaz, tsakaninka da Allah, matar nan da ta ci sati tara a jere, ba raɗa mata ake yi ba?"

"Ta ina? Makulli na wuyana. In ƙarya nake, kada a binne ni kusa da mahaifiyata."

Daga ranar, duk gardamar da ta tashi a kan gasar, da "Dudek ya ce" ake kashe ta. Bai da gida nasa, bai da mota. Wannan kalmar ita ce dukiyarsa.

Ashe tun Juma'a, a ofishin Lindqvist, ake miƙa amsoshin ga wanda ake so ya ci gasar, har a koya masa inda zai ciji leɓe da inda zai share gumi. Bayan shekara biyu jarida ta fasa ƙwai, aka rufe shirin.

Ba wanda ya kira Dudek, amma ya goge kakinsa ya tafi ofishin masu bincike. Wuni ya yi a kan benci. Da ya ga Lindqvist zai wuce, ya miƙe.

"Yallaɓai, don Allah ka gaya musu ban sani ba."

"Wa ya tambaya, Kaz? Fuskarka muka ɗauka haya. Ka yi kama da wanda bai iya ƙarya ba, shi ke nan."

A unguwa kuwa tsiya ta samu wurin zama. "Shege Kaz! Ashe kai ne uban 'yan wasan! Ina ka binne rabonka?" Ya rantse, su kwashe da dariya. Ya rame, ya daina zuwa aski.

Wata Lahadi a ƙofar coci, matarsa Regina ta gaji. Ta ce, "Ku ji tsoron Allah! Mutumin nan bai san komai ba. Shekara biyu yana rungume da akwati ana wasa da hankalinsa!"

Sai aka yarda. Dariya ta ɗauke, aka shiga kallonsa da tausayi. Wata tsohuwa ta shafa kafaɗarsa tana "Wayyo, bawan Allah." Kai, wannan kallon ya fi zagin ciwo! Sunan ɓarawo ya daure masa wata shida, amma na wawa ko sati bai iya ɗauka ba.

Ranar Asabar ya shiga shagon Bruno, shago cike. Ya zauna, ya kashe ido ɗaya, ya ce, "Kun yarda da Regina? To, ita ma ban gaya mata ba."

Shago ya ɗau shewa. Har ya mutu a 1971, da wannan labarin ake nuna shi: tsohon da ya yaudari ƙasa guda. Regina kaɗai ta san ranar ce ya fara ƙarya, kuma ba ta ƙara kare shi ba.