Sawun Takalma a Rigar 'Yar Fari

Duk Bakanon da ya sauka Dengfeng ta ƙasar Sin ya san tuwon Jumai. Shekara goma sha ɗaya tana tuƙi a hawa na shida, a ɗakin da rana ba ta leƙawa. Ga baki, ko Basinen da ya ba su haya bai tsira ba. Mutum ɗaya ce ba ta taɓa kama sunanta ba, Radiyya, 'yarta ta fari. Kunya ce irin ta gida. "Ke," take cewa, ko "waccan", idonta na kan tukunya. To wanda ba ka kallo, yaushe za ka ga kumburin fuskarsa?

Da yarinyar ta shiga babbar sakandare sai ta aske kai ƙwal, ta koma tafiyar maza. Jumai ta ji a bakin masu cin tuwo, ta basar. Wanki ne ya tona. Ran Juma'a ta ɗaga rigar makarantar, sai ga sawun takalma a gadon baya, ƙafa huɗu daban-daban. Ta wanke, ta shanya a ƙarfen taga. Wata Juma'ar suka dawo a daidai wurin, har da ƙari. In rigar na rataye, wallahi sai ka ce mutum ne ya sunkuyar da kai, alhali ko iska babu. A cikin wuyanta an kankare sunan yanka, an rubuta "Ghali" da biro, kuma rubutun yarinyar ne.

Tsoro ya kama Jumai sosai, amma bakin nan nata ya ƙi buɗuwa.

Wata Talata da azahar yarinyar ta dawo tana jan ƙafa, ta shige banɗaki ta sa sakata. Famfo ya yi ta zuba har la'asar. Sai a lokacin Jumai ta lura kwalbar maganin barcin mijinta ba ta kan firji. Ruwa ya fara malalowa ta ƙarƙashin ƙofa.

"Ke! Buɗe!"

Tuwo na ƙauri a bayanta. Ta dafa ƙofar, ta haɗiye kunyar shekara goma sha shida.

"Radiyya."

Ruwa kawai ke zuba. Ta jingina goshi da katakon.

"Ghali. Don Allah, Ghali."

Aka kashe famfon.