Dutsen Niƙan Kajin Habboba

Jiya kaji suka kifar da kwanon roba, tsamin dusa ya buge ni, sai na tuna da kakata. Habboba muke ce mata.

Takan jiƙa dusar dawa har ta yi tsami kamar ƙullun kisra, wainarmu ta dawa, sannan ta zuba wa kajinta a tsohon dutsen niƙa wanda cikinsa ya lotsa. Tun da injin niƙa ya zo unguwarmu a Gadarif, aikin dutsen ke nan.

Ranar da zan tafi yankan riɗi a Simsim na kawo mata sabuwar tasa. Ta juya ta, ta yi dariya.

"Ya waladi, ɗana, tsami cin ƙarfe yake yi, kuma zakara da ƙafa ɗaya zai kifar da ita. Matsa mini dutsen nan inuwa dai, ƙarfina ya ƙare."

Na matsa. Ta kama hannuna, tafinta da sanyi da danshin dusa.

"Ka dawo da wuri, ka ji?"

Riɗi ba ya jira, in ya bushe zubewa yake yi. Muna tsakiyar yanka direban lori ya kawo labarin rasuwar Habboba, an riga an kai ta.

Allah ya sanyaya makwancinki, Habboba, ya sa kin huta.