Shekarar da Muka Daina Yaɓe

Wata Laraba ce a ƙarshen bazara, shekarar da na shiga koleji. Na dawo daga lakwal na tarar da tsakar gidanmu na unguwar Birni, a Damagaram, cike da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, ƙannena suna tattaka ta suna ihu, warin makubar da ake haɗawa da ƙasar ya cika ko'ina. Kakata Falmata tana jikin bangon ɗakinta, hannu dumu-dumu, tana lalubar tsaga. Ko jaka ban ajiye ba na fara zuba mata abin da mushe, malaminmu, ya koya mana: akwai wani birni a ƙasar Suwis, Jeneba, a bakin wani makeken tafki. Mutanen farko a kan turaku suka kafa bukkokinsu, Rumawa suka zo suka ci garin, daga baya aka kewaye shi da ganuwar dutse. A tsakiyar ƙarni na sha tara kuma su da kansu suka rushe ta, don gari ya yi musu kaɗan.

Kaka ta tambayi yaushe ke nan a lissafin mutane. Da na kwatanta mata sai ta yi dariya, ta ce ai lokacin ne Damagaram ke ɗora tata ganuwar, lokacin da kakan kakanta ya taso daga Barno da jakunan kanwa ya kafa gidan nan. Na ce amma su gidajensu na dutse suna nan har yau, ba mai shafa musu komai. "To ai marayu ne," in ji ta. "Namu kowace shekara sai an taɓa shi. Ajiye jakar nan ki kawo ruwa."

Haka muka tashi. Ranar yaɓe maƙwabta ke shigowa, a dama fura a babbar ƙwarya, mu yara mu hau soro muna share indararo, muna leƙen awakin mutane. Sai shekarar da kawu Bukar ya dawo daga Libiya. Don tausayin tsohuwa ya sa aka shafe gidan kaf da siminti, kowa ya huta. Muka yi ta murna. Kaka ta sa masa albarka, ta ce dai bango ba zai ƙara gaya mata inda ke masa ciwo ba.

Makon jiya ne, da rana tsaka, bayan ruwa ya kwana yana zuba. Ina wanke-wanke a rumfa, Kaka ta fito alwala, ko buta ba ta ajiye ba ɗakinta ya zauna a bayanta. Simintin ya ɓare kamar ɓawon ƙwai, ƙasar ciki ta zama kunu. Ashe shekara da shekaru ruwa na bi ta baya, mu muna ganin santsi. Har yanzu ina jin ƙarar nan a haƙorana.

Yanzu muna unguwar Zango, gidan gwaggo. Da can in hadari ya haɗo tsalle muke, yanzu ɗaki nake shigewa in toshe kunnuwa. Baba ya riga ya yanke shawarar sayar da filin, an rasa mai gaya wa Kaka. Kullum da safe sai ta ce, "Ƴar nan, an fara kwaɓa ƙasar?" Ni kuma in ce sai ruwa ya ɗauke, Kaka. Tsoron ruwan nake ji, amma ba na so daminar bana ta wuce.