Duniyar da Kawu Ya Rufe da Murfi

Kawuna mai yankan gilashi ne. Rabin tagogin layinmu shi ya sa su, ɗaya rabin kuma, a cewarsa, duk a karkace suke. Idan ya kama ka da bayani, gara ka nemi kujera tun da wuri.

Zancen nasa ɗaya ne: wai duniyar nan gaba ɗayanta jiki guda ce mai rai. Dazuzzuka huhunta, koguna jijiyoyinta, mu da tururuwa da kifi duk gaɓoɓinta ne, kamar yadda dubban gara suke gina suri ɗaya. In zafi ya yi yawa ta san yadda take gumi, in wata halitta ta cika wuri sai mai cinye ta ya bayyana. "Da ikon Allah take gyara kanta," in ji shi, "mu dai mu daina shisshigi."

Da mutane suka fara gudunsa, sai ya kawo hujja. Ya haɗa ragowar gilasan shago ya yi wani ƙaton akwati a falo, ya zuba yashi da ruwa da ciyawar rafi, ya saka dodon koɗi da 'yan kifaye, ya ɗora murfi, ya kafa doka: ba mai buɗewa, ba mai ba su abinci. Ciyawa ta ba kifi iska, kifi ya ba ciyawa taki, dodon koɗi ya yi shara. Shekaru suka yi ta tafiya, ruwan nan garau. Duk baƙon da ya shigo sai ya sha lacca kafin ya sha ruwa. Inna, matarsa, takan ajiye tire ta ce, "Mai gida, ka bar bawan Allah ya jiƙa maƙoshi mana," ta fice abinta.

Ana nan sai Inna ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu. Ni na zauna jinyarta a asibiti. Bayan an yi mata aiki ta dawo hayyacinta, tana cije leɓe don ciwo, ta jawo hannuna.

"Je ki gida idan ya fita shago. Ki rage ruwan akwatin nan, ki zuba wanda ya kwana a bokiti. Ki goge gansakukar ta ciki. Abincin kifin yana bayan tukwane."

Na saki baki. "Inna! Duniyar Kawu?"

"Yo kifin nan sau nawa suna mutuwa ina sauya su? Kar ki kuskura ya sani. Mutumin nan ba shi da abin nuna wa jama'a sai wannan akwatin."

Raina ya ɓaci, wallahi. Mace tana kwance ƙashi a karye, hankalinta yana kan kifi! Amma na dubi idonta, na gane ba kifin take ji ba. Na ɗauki jakata na fita.

Na tarar da ƙofa a buɗe. Kawu bai je shago ba. Yana tsaye a falo, hannun riga a naɗe, murfin yana jingine da bango. Ruwan ya koma kore shar, kifi ɗaya ya juya cikinsa sama.

"Ita ta aiko ki?"

Na fara kame-kame.

"Ke 'yar nan, ni fa mai gilashi ne. Yatsa zai taɓa gilashi ban gani ba? Ni na goge kaifin bakin murfin nan don kada ya yanke ta."

"To laccar fa, Kawu?"

"Ai ban yi ƙarya ba. Cewa na yi duniya tana gyara kanta da abin da ke cikinta. Ita Innar taku a wata duniyar take?"

Dariya ta taso min, sai na ga yadda ya zuba wa ruwan ido, na haɗiye ta.

"Abin da ban sani ba shi ne me take yi masa," ya ce a hankali. "Ban taɓa tsayawa na duba ba." Ya juyo ya dube ni. "Likita ya ce za ta taka?"

"Ya ce sai a hankali."

Ya gyaɗa kai, ya sunkuya ya ɗauko bokiti.

"To nuna min yadda ta ce. In kin koma kuma, ki ce mata ba ki same ni a gida ba."