Bakin Tekun da ke Jikin Labule

Shekara talatin da huɗu Malam Kar-a-motsa ya yi yana ɗaukar hoto a shago ɗaya, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da takalma. Bakinsa ne ya ja masa sunan, domin ko jaririn goye aka kawo masa sai ya ɗaga yatsa ya ce kar a motsa. Mutum ne mai tsantseni da taurin kai na intaha. Sai ya ɓata minti ashirin yana gyara maka wuyan riga, ɗaga haɓa, sauke kafaɗa, har murmushin da ka zo da shi ya bushe a fuska kafin ya danna.

Duk arzikin shagon nan labule ne guda. Ya saye shi tun yana saurayi a hannun wani mai fenti da ke yawo kasuwa-kasuwa. A jikinsa akwai shuɗin teku, da farar hasumiya mai fitila, da doguwar gada, da bishiyar kwakwa uku, ga rana ja tana faɗawa cikin ruwa. Mai fentin ya rantse masa cewa babban birnin bakin teku ne ya zana, yadda yake ɗin nan, bai ƙara ba bai rage ba. Babu wanda bai tsaya gaban labulen nan ba a unguwar: angwaye, ɗalibai, sababbin ma'aikata, har tsofaffin da aka riƙo su a hannu. Mutum ɗaya ce ta ƙi, ita ce matarsa.

"Ni ba za ka tsayar da ni gaban ƙyalle ba, Malam," ta ce masa tun tana amarya. "In hotona kake so, kai ni wurin na gaske."

Ya yi alkawari. Sai haihuwa, sai makarantar yara, sai yau sai gobe. Aka wayi gari mutumin da ya ɗauki rabin gari ba shi da hoton matarsa, in ka cire ɗan ƙaramin nan na katin shaida da ta fito kamar an kamo ta da laifi. Abin yana cin ransa, faɗa ne kawai ba ya yi.

Babbar 'yarsu, ma'aikaciyar jinya, ita ta gaji da jin zancen. Ta yanko musu tikitin jirgin ƙasa zuwa birnin bakin tekun, ta kama musu ɗaki a otal na kwana uku.

"Baba, hutu na ce fa. Hutu. Ka ɗauki Mama hoto ɗaya, sauran lokacin ku sha iska."

Ya ce to. Sannan ya cika jaka da kyamara biyu, da ƙarfen ɗora kyamara mai ƙafa uku, da hoton labulen da ya wanke babba don ya riƙa nuna wa mutane.

Birnin kuwa, a faɗi gaskiya, ya haɗu. Fararen gidaje sun hau kan tudu ɗaya bisa ɗaya, tagoginsu shuɗɗa, lunguna duk matakala, a ƙasa kuma kwale-kwale birjik suna rangaji a kan ruwa. Matar tana leƙe ta tagar tasi tana ta salati.

"Malam, dubi! Ashe ruwa yana yawa haka? Ina ƙarshensa?"

Malam bai duba ba, yana can yana cusa wa direba hoton labule a ƙarƙashin hanci. Direban ya ce hasumiya dai ɗaya ce a garin, ya kai su. Sai ga wata guntuwa mai jan ratsi, a maƙale bayan rumbun kifi, ga wari, ga ƙudaje.

"Haba direba! Wannan tukunyar ce hasumiya? Ina gadar? Ina kwakwar?"

"Baba, ni a nan aka haife ni, ban san wata gada ba."

"To ba ka san garinku ba!"

Ranar farko ke nan ta tafi. Rana ta biyu ya ce da ƙafa za su nema, direbobin garin ba su da amfani. Ya saɓa ƙarfensa a kafaɗa, ita tana biye da jaka, suka hau matakala suka sauka, suka sake hawa. Ya tare ɗan sanda, ya tare mai shara, ya tare wata mata da ke shanya a baranda. Kowa ya dubi hoton sai ya ce kai, wurin nan ya yi kyau, a wace ƙasa ne? Wannan tambayar ita ta fi ƙona masa rai. Mutane suna zaune a gari ba su san abin da ke cikinsa ba!

Wajen la'asar suka ɓullo kan wani dandamali da ke kallon teku gaba ɗaya. Matar ta dire jaka, ta dafa gwiwarta mai ciwo.

"Malam, don girman Allah, ga ruwa, ga ni. Ka ɗauka mana mu huta."

"Ba wurin ba ne."

"Ruwan ne ba na gaske ba, ko ni ce?"

"Shekara talatin da huɗu kin jira, ki ƙara kwana ɗaya mana. Ni ba na aikin rabi da rabi."

Ta ɗauki jakar, ta bi bayansa har suka koma otal.

Da safe ta ce ƙafarta ba ta ƙara hawa matakalar kowa. Jirginsu ƙarfe huɗu ne. Ya ajiye ta ƙarƙashin wata laima a kan rairayi, ya tara mata jakunkuna, ya ce ta kula da su, yanzu zai dawo. Ya bi gefen ruwa yana tafe yana mita, rairayi na cika masa takalmi, har ya iske wani tsohon masunci yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi a inuwar kwale-kwale.

Tsohon ya karɓi hoton, ya nisanta shi da ido, ya daɗe yana kallo.

"Wa ya zana wannan?"

"Wani ne da ya san garin nan ciki da bai."

"Bai taɓa zuwa ba," tsohon ya ce, ya miƙa masa abinsa. "Dubi ranarsa, tana faɗawa cikin ruwa. Mu nan daga ruwa take fito mana da asuba, ta faɗi bayan tudu. Shekarata saba'in, ban ga ta canza ba."

Malam ya juya ya dubi tudun, ya dubi ruwan, ya dubi takardar. Lallai! Ashe ɗan banzan mai fentin nan daga kansa ya ƙago komai, ya haɗa hasumiya da gada da kwakwa, ya karɓe masa kuɗi, har da rantsuwa. Ga shi ya daɗe da rasuwa, balle a je a ci kwalarsa. Takaici ya turnuƙe shi, sai kuma kunya ta biyo baya, da ya tuna kwana biyun da ya ja baiwar Allah nan da gwiwa mai ciwo.

Ya juyo da sauri. Ko ina ne yanzu ya yi, zai tsayar da ita ya ɗauka. Ashe ya yi nisa fiye da yadda ya zata, hadari kuma ya taso daga teku baƙi ƙirin. Kafin ya iso laimar ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Ya cusa kyamara cikin riga, ya tarar da ita ta riga ta tsayar da tasi ta loda kaya, direba yana ta danna oda.

Sai da jirgi ya bar gari sannan ya juyo wajenta. Ya gaya mata abin da masuncin ya ce, bai ɓoye komai ba.

"Na cuce ki," ya ce. "Na kawo ki har bakin teku, za mu koma hannu rabbana."

"Kai dai za ka koma hannu rabbana."

Ta zuge jakarta ta ciro wani ɗan hoto, irin wanda ake wankewa nan take. Wata mata ce mai yawo da kyamara a bakin ruwan ta ɗauke ta, bayan tafiyarsa.

Ya karɓa. Wayyo aiki! Tekun ya karkace, gwiwar hannun wani ta shigo ta gefe, hasken ya yi yawa. Ga matarsa a tsakiya, ta tattare zani, ruwa ya kai mata ƙwauri, mayafi ya zame, igiyar ruwa ta biyo ta tana gudu, baki buɗe tana dariya har da hawaye.

"Wannan ai ɓarnar takarda ce," ya ce. "Wa ya koya mata aiki? Kuma kayan da na ce ki kula da su fa?"

"Ba ni abina."

Bai ba ta ba. Ya matsa jikin taga inda ya fi haske, ya ci gaba da kallo. Shi dai ya san wannan dariyar, amma ya rasa ranar da ya ji ta a gidansa. Ransa ya yi ɓacin da bai yi ba a duk kwana ukun nan, kuma a wannan karon babu direba ko mai fenti da zai ɗora wa.

"Za ki bar mini shi?" ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

Ta gyara zama, ta miƙe ƙafar mai ciwo, ta lumshe ido.

"Riƙe zuwa tasha ta gaba," ta ce.