Baba Chollom Zai Koma Jos

Idan Baba Chollom ya sauke ɗaliban ƙarshe da yamma, ba gida yake nufa ba. Yakan ajiye bas ɗin makaranta, ya sauya takalmi, ya gangara filin ƙwallon Amurka na sakandaren unguwarmu a Greenbelt, nan ƙasar Amurka. Shekara goma sha tara ke nan. Ba shi ne koci ba, sunansa ma ba ya cikin takardar da ake raba wa 'yan kallo. Nasa shi ne horar da samari biyar da ke tsayawa a sahun gaba su kare mai jefa ƙwallo.

Ɗana Khalil ne mai jifan a wancan lokacin, ni kuwa ban san komai a wasan ba. Ran da muka fara gaisawa, na ji Hausar Jos a bakinsa, sai da na ji kamar na je gida.

"Maman Khalil, daina bin ƙwallo da ido," in ji shi. "Kalli biyar ɗin nan. In suna tsaye, ɗanki yana lafiya."

A shekarar Khalil ta ƙarshe koci ya ɓullo da sabon tsari. Ya tura biyu daga cikin biyar ɗin can gefen fili, ya bar uku a tsakiya. Abokan karawa suka ruɗe, muka ci wasa huɗu a jere. Sai aka haɗa mu da wata makaranta mai wani ƙato, lamba casa'in da ɗaya, wanda aikinsa kawai ya kutsa ya kayar da mai jifa. Kwana uku Baba Chollom yana kallon bidiyonsa, sannan ya sami koci.

"Wannan ba ya ruɗewa. Ba tsari yake kallo ba, Khalil yake kallo. Mutum uku ba za su tare shi ba."

Koci bai saurara ba. Ranar Asabar, sau biyu ƙaton ya maka Khalil da ƙasa. A na biyun ya daɗe bai tashi ba, ni ma na kasa tashi daga kujerata. Waɗanda ke kusa sun ga Baba Chollom ya cire usur daga wuyansa ya miƙa wa koci. Ya ce ko a mayar da biyar ɗin wuri ɗaya a ƙara na shida, ko a nemi wani a madadinsa.

Aka mayar da su. Ƙaton bai sake taɓa Khalil ba, amma aka cinye mu, muka fita daga gasar. Wasu iyaye sun yi wata guda ba sa amsa gaisuwar Baba Chollom, wai shi ya sa aka bar tsarin da ke ci mana wasa.

Baba, kai ne ka ɗauki fushin nan ba ka taɓa ba kowa labari ba. Khalil yana jami'a yanzu, lafiyarsa ƙalau. Da na gaya masa a waya gwiwoyinka sun gaji, wata mai zuwa za ka koma Jos, shi da kullum da Turanci yake amsa mini, da Hausa ya ce, "Mama, zan zo in kai shi filin jirgin Dulles."

Mun gode, Baba. Allah ya kai ka gida lafiya. Mu da muka rage, makarantar tana neman wanda zai maye gurbin Baba ya tsaya wa yaran nan ranakun Talata da Alhamis. Har yanzu ba wanda ya rubuta sunansa.