Yau zan faɗi abin da ya haɗa ni da Madam Rabi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shara saƙo ya shigo salulata: Madam Rabi ta rasu a asibiti a Yamai. Na zauna a ƙasa da tsintsiyar a hannuna.

Da yawanku ba ku san na san ta ba. Ni ce na ɓoye.

Tun ina makarantar allo ake ce mini Hajjo mai mantuwa. Na yi sauka, amma har na girma na haifi yara ba na gama salla ban yi shakkar raka'a ba. Tukwanen da na ƙona Allah kaɗai ya san su. A gidanmu can Ɗan Kassari an ce iska ce, an yi mini hayaƙi, na sha rubutu. Ni kuwa a raina na ɗauka raunin imani ne, na yi ta istigfari ina kuka.

Sai da na haura arba'in wani likita a Yamai ya ce abin yana da suna, TDAH, wato wahalar tara hankali wuri ɗaya, haka aka halicci ƙwaƙwalwata. Shi ya tura ni wurin Madam Rabi, tsohuwar malamar lakkol, wato makarantar boko, a nan Dogon Dutsi. Ita ma da furfura aka gano mata nata, ta koma tana koya wa manya irinmu yadda za mu tafi da rayuwa.

Ba ta taɓa ba ni magani ba. Ta ce in bar agogo, in rataya aiki ɗaya tak a jikin kowace salla. Ranar da wanki ya taru na kasa taɓawa, sai ta kira ni ta ce, "Aje salula kusa, ni ma ninki nikai." Mu yi ta ninkin kaya, ita a gidanta ni a nawa, ba mai magana. In ta ji shiru ya yi yawa ta ce, "Hajjo, ina kinka tafi? Komo."

In yara sun tambaya, sai in ce wa'azi nake saurare. Allah ya yafe mini.

Ganinmu na ƙarshe ran kasuwa ne, ina tare da yayar maigidana. Madam ta gaishe ni da sunana. Yaya ta ce, "A'a, ina kunka san juna?" Madam ta yi dariya ta ce, "Abokiyar ninkina ce." Ba ta yi ƙarya ba, ba ta kuma tona ni ba. Da za ta wuce ta matsa hannuna ta ce a hankali, "Ba sauri."

Ko na gode ban ce mata ba, don kar Yaya ta ƙara tambaya.

Anjima zan je gaisuwa. Na san 'ya'yanta za su ce, Inna daga ina? Ba zan iya shiga gidan matar nan da wata ƙaryar ba. Shi ya sa na fara faɗa a nan. Yaya, na san za ki karanta. Ina da TDAH, Madam Rabi malamata ce.

Ya Allah, yadda ta rufa mini asiri a tsakiyar kasuwa, Ka rufa mata a ranar tsayuwa. Ka yalwata kabarinta, Ka ba iyalanta haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta ya yi mata Ƙulhuwallahu, ya sa ta a addu'arsa.